Sallama Kafin a Buɗe Ƙofa

Ƙarfe huɗu da kwata aka ɗauke wuta a Tudun Wada.
Baba Gyang ya fito da bargo a kafaɗa,
ya ja igiyar janareto sau uku,
ya yi tari, ya kama.
Ni ina Rikkos ina barcina,
sai ƙarfe bakwai waya ta tashe ni:
"Tasi'u, jakar sakamakon gwaji ta sake ɓata."
Muryar Sista Kangyang ce.
A bayanta ina jin benci cike da mutane,
wani jariri yana kuka ba hutu.

Karo na biyar ke nan a wata guda.

Na tsallaka Taminus sanyi na cizon kunnena,
masu kabeji suna sauke buhuna,
na shiga ɗakin nan na ƙarƙashin bene
inda uwar garke take gurnani ita kaɗai.
Abin da ke ci mini rai shi ne:
in na kira ma'ajiyar da hannuna,
layi ɗaya, sai ta amsa nan take,
kamar yaron da zazzaɓi ke saki
da zarar an iso bakin asibiti.

Na zargi kalmar sirri, na sauya ta.
Na zargi waya, na sayo sabuwa.
Na zargi ɓera.
Allah Ya yafe mini, har Baba Gyang na zarga.

Yau dai na ja kujera, na hura hannuna,
na buɗe littafin da na'ura ke rubuta wa kanta,
na bi shi daƙiƙa bayan daƙiƙa.
A ta goma sha tara uwar garke ta yi sallama.
Shiru.
A ta ashirin ta rubuta: ba kowa,
ta juya ta kama harkar gabanta.
Sai a ta saba'in da ɗaya hanya ta buɗe,
a ta casa'in da huɗu ma'ajiya ta farka,
ta share ƙofar gida, ta shimfiɗa tabarma,
ta zauna jiran baƙon da ya riga ya tafi.

Ashe babu abin da ya lalace.
Sauri ne ya haifi nawa.

A layi na tara na ƙara kalmomi kaɗan:
ki jira hanya ta buɗe tukuna;
in kin kira ba a amsa ba, kada ki tsaya cik,
kada kuma ki yi zuciya,
duk sanda wani ya nema, ki sake ƙwanƙwasawa.

Na ce wa Baba Gyang ya kashe mana wuta.
Ya dube ni: "Da gangan?"
Na ce da gangan.
Duhu ya rufe mu, fanka ta yi shiru,
ya tayar, muka tsaya muna ƙirge da baki,
shi da Birom, ni da Hausa.
Kafin mu kai ɗari
Sista Kangyang ta ɗaga murya daga can ciki:
"Ta zo!"
Aka kira sunan uwar jaririn.

Na fito baranda rana ta fara taɓa duwatsu.
Ban san me ya kawo mini Sagir a rai ba,
ƙanena da ke Bukuru.
Bayan rabon gidan mahaifinmu
na kira shi sau ɗaya, da sassafe,
ta yi ƙara har ta tsinke.
Na rubuta a zuciyata: ya ƙi ɗauka.
Damina biyu ke nan ban sake ba.
Wa ya sani ko wayar tana caji a shagon maƙwabci,
ko shi ma a lokacin bai gama farkawa ba?

Yatsuna sun sandare, da kyar na lalubo lambar.
Tana shiga.
Na jingina da bango, na fara ƙirge.